Baƙon Inna

Ranar da labari ya iso cewa ɗan Inna yana tafe daga Yamai zai ɗauke ta, ina tsakiyar wanki ne. Na bar kayan cikin kumfa na zauna a ƙasa, hannuwana suna ɗigar ruwa. Ni ba 'yar Inna ba ce, ba jikarta ba, ko garinmu ma ba ɗaya ba. Ita Ba'ara ce ta asali, ni kuwa aiki ne ya jefo ni Dogon Dutsi daga Damagaram. Amma na san abu guda, kuma duk matan ikilisiyarmu sun san shi: in aka raba tsohuwar nan da ƙofar gidanta, ba za ta yi nisa ba. Bari in faɗi yadda na san ta, sai a gane abin da ya kashe mini jiki ran nan.

Ina sabuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, aka turo ni Dutsi. Motar da na shigo tun asuba ta sauke ni bakin gudoro, wato titin kwalta, da la'asar sakaliya, ga akwati, ga ƙullin katifa, ga yunwa, kuma ban san ko kare ba a garin. An riga an rufe buro, ofishin hukumar makarantu, ba wanda zan nuna wa takardata. Abin da na tuna kawai shi ne maganar babana, cewa duk inda na sauka in fara tambayar masu bi. Sai na tsayar da wani ɗan kabu-kabu na ce ya nuna mini majami'a. Ya dubi akwatina, ya dube ni, ya ce, “Majami'a a kulle take yanzu. Ke baƙuwar Inna ce, hau mu tahi.” Musulmi ne, ga carbinsa rataye a kan babur. Daga baya na gane duk 'yan kabu-kabun tasha sun san wannan, in Kirista ya sauka bai da masauki, gidan Inna ake kai shi ba sai an yi shawara ba.

Gidan ba wani gida ba ne. Zaure ne na ƙasa, da darni, da rumbu, da dogon yaro a tsakar gida, ga zabi suna ta surutu. Ɗaki guda ne mai rufin kwano, da gadon ƙarfe da gidan sauro, kuma shi ne ɗakin baƙi. Matar gidan da kanta a bukka take kwana. Ta fito tana share hannu a zane, 'yar gajeruwa, baƙa, da tsagen Arawa daga gefen baki har kunne.

“Maraba, maraba da baƙuwa! Sannu da hanya, ɗiyata. Shigo, gidanga naki ne.”

Na buɗe baki zan yi bayanin kaina, ta ɗaga mini hannu. Ta ce ba a tambayar baƙo sunansa da maƙogwaro busasshe. Ta kawo ruwan randa, ta tsaya a kaina sai da na sha. Ta dama fura, ta sa na shanye. Ta kai mini ruwan wanka. Da na fito ta ajiye tuwon hatsi da naman zabo, ta riƙe hannuna muka yi addu'a, sannan ta zauna kusa da ni tana tsinto mini tsoka tana turowa gabana. Sai da na yi nak ta ce, “To, daga ina anka hito?”

Da ta ji Damagaram, ta kuma ji uwata Babarbariya ce, sai ta rangaɗa guɗa. “Ashe baiwata ce Allah ya aiko min! Tashi maza ki share min gida.” Ni ma ba a bar ni a baya ba wajen baki, na ce, “Haba Inna, a ina aka taɓa jin Ba'are ya mallaki Babarbare? Ku da kuka gudo daga wurinmu ba ku ko yi sallama ba?” Ta yi dariya har da tari. Wasan tobasantakar nan da ke tsakanin Arawa da Barebari shi ya cire mini sauran baƙunta.

Sai kuma ta gyara zama, ta miƙo tafin hannu ta ce, “To ina tsarabata?”

A raina na ce to fa, dama na san ruwa ba ya tsami banza. Na shiga ɗaki na kwance akwati, na ɗauko alkakin da uwata ta ƙulle mini, na kawo mata ina ta ba da haƙuri cewa ba yawa. Ta karɓa, kada ku ce ta mayar, ta gutsura ta tauna ta yaba. Sannan ta ce, “Wanga na baki ne. Ina na kunne?”

Na ce ban gane ba. Sai da ta gama yi mini dariya ta ce aya take nema. Ita ba ta yi karatu ba, ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, don haka duk mai bi da ya kwana gidanta sai ya bar mata aya guda daga Maganar Allah, ya yi ta maimaita mata har ta zauna. Tsarabarta ke nan. Na ba ta wadda na fi so tun ina yarinya, muka yi ta bita tare, kafin in kwanta ta riƙe ta daram.

Kai, abin da ke cikin kan tsohuwar nan! Tana da ayoyi da Hausa, tana da su da Zabarmanci, da Gurmanci, da Fulatanci. Har da wata doguwa da Faransanci, wadda wani magini ɗan Togo ya bar mata, ba ta san ma'anar ko kalma ɗaya ba amma ba ta taɓa tuntuɓe a ciki. Kuma kowace da muryar mai ita take faɗinta. In ta ɗauko ta wani tsohon soja sai ta kumbura murya, in ta ɗauko tawa sai ta karya harshe irin na Damagarawa don ta ba ni haushi. Takan ce ayar wane, ayar wance, ta tuna ranar da ya zo da abin da ya ci da ciwon da ke damunsa, ta yi masa addu'a.

Wata rana muna ɓarar wake na tambaye ta mafarin wannan abu. Ta ce su mutanen wani ƙauye ne kusa da Lugu, gidansu gidan iskoki ne tun kaka da kakanni. Da ita da mijinta suka karɓi bangaskiya, dangi ba su doke su ba, ba su zage su ba, ƙwaryar shan ruwa kawai aka ware musu. Ta ce wannan ƙwarya ta fi mata duka ciwo. Suka kama hanya da ƙafa, tana goye da ɗanta na fari, har Gesheme. Can wasu masu bi da ba su taɓa ganinsu ba suka sauke su, matar gidan ta sha ruwa a moɗa ta miƙa mata sauran. Ta ce tun daga ranar ta yi wa Ubangiji alkawari.

“Ni ban iya karatu ba, ban iya wa'azi ba, in na yi waƙa kwaɗi ka amsa min,” in ji ta. “Abin da Yesu ya ba ni tukunya ce da tabarma. Da su nike mai sujada.”

Haka na same ta, haka kuma ta ci gaba shekara da shekaru. Ma'aikacin da aka canza wa wurin aiki, mai bishara da ke kan hanyar Ɗan Kassari, matar da ta kawo mara lafiya wurin likita daga ƙauye, 'yan makarantar da suka zo rubuta jarrabawa, kowa gidan Inna. In ɗakin baƙi ya cika a shimfiɗa tabarma a zaure, in zaure ya cika ta ba da bukkarta. Ba wadata gare ta ba, gona ce guda da zabinta da abin da ɗanta ke aikowa. In hatsi ya yi ƙasa sai ta ƙara ganyen zogale da ƙuli, ta ce yau ranar kofto ce, a ci a gode. Ba ta taɓa tambayar mutum ko wace ikilisiya yake ba. Wanda ba Kirista ba ma in ya yi sallama zai ci ya sha, har ta nuna masa gabas. Wani mai shago da ke maƙwabtaka da ita, irin masu gemun nan da ɗagaggen wando, ba ya wasa da addininsa ko kaɗan, amma in ya ga baƙi sun yi mata yawa sai ya aiko da sukari da ganyen shayi bai ce komai ba.

Ni dai na zauna wurinta har na sami gidan haya, kuma ko bayan na tashi ban yaye kaina ba. A Dutsi na yi aure, a nan na haihu, Inna ce ta yi mini wankan jego tana zagina da ragwantakar Barebari. Ina sonta, ba na ɓoyewa. Na ga masu wa'azi da yawa a rayuwata, masu murya da masu ilimi, amma ban ga wanda ya sa na ji kunyar rowa kamar ita ba.

Abu guda ne na daɗe ban gane ba, shi ne zamanta da ɗanta. Shi ne ɗan fari, shi kaɗai ne namiji, sauran mata ne aure ya watsa su. Babban ma'aikaci ne a Yamai, ba ya fashin aiko da shinkafa da mai da magani. Amma Inna irin matan da ne, kunyar ɗan fari ta riƙe ta da hannu biyu. Ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce “wancan na Yamai”. In ya zo Nowel, bikin Kirsimeti, ya durƙusa gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Tana iya zama da baƙon da ba ta taɓa gani ba ta yi ta hira har rana ta karkata, amma in ɗanta ne sai ta ce da ni, “A gaya ma wancan tuwonshi na nan.” Shi kuma ya ci a tsaitsaye ya tafi gidan abokinsa ya kwana, don ɗakin baƙi kullum da mutum. Mutum ne mara yawan magana, ni kuwa na ɗauke shi mai girman kai.

Gigin tsufa ya shigo mata a hankali. Da fari gishiri take sa wa miya sau biyu, muna dariya. Sai ta fara neman mijinta da ya daɗe da rasuwa. Ranar da ta bar tukunya a wuta har darni ya kama, maƙwabta suka kashe da kyar, dariya ta ƙare. Dattawan ikilisiya suka zauna suka yanke cewa daga yau a riƙa raba baƙi gida-gida, aka je tasha aka gaya wa 'yan kabu-kabu. Wata gwauruwa daga cikin matan zumuntar ikilisiya ta koma gidan da kwana, ita ke girki. Gaskiya shawarar daidai ce, ba wanda zai ce ba a kyauta ba.

To amma Inna ba ta san an yi ba. Kullum da hantsi sai ta sa a share ɗakin baƙi, ta ɗauki 'yar kujerarta ta zauna bakin zaure tana kallon hanya. Babur ya taho ta miƙe, ya wuce ta koma ta zauna. In an kawo mata abinci sai ta rufe da faifai ta ture gefe, ta ce baƙo bai ci ba tukuna, ita ba za ta riga shi ba. A yi lallashi, a yi dabara, da kyar ta kurɓi fura. Muna kallo tana ƙarewa, zane yana zagaye ta sau biyu. Danginta na wajen Lugu suka zo dubiya, suka ce iskokin gida ne da ta bari suka biyo sawu. Fasto ya yi addu'a, likita ya ba da maganin ƙarin jini. Ba abin da ya canza.

Allah da ikonsa, dabarar ba wani mai hikima ya kawo ta ba, tsautsayi ne. Na tafi Damagaram hutun ƙarshen shekara, da na dawo ban ko biya gida ba na ce a sauke ni wurin Inna, jakata a hannu. Na yi sallama. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi jakar, sai fuskarta ta washe.

“Maraba, maraba da baƙuwa! Sannu da hanya, ɗiyata.”

Na ce, “Inna, ni ce fa, baiwarki.” Ko gezau. Ba ta san ni ba. Matar da ta yi mini wankan jego ba ta san ni ba. Na so in fashe da kuka, amma ta riga ta kama hannuna tana ja, tana ƙwala wa gwauruwar nan kira a kawo ruwa. Aka kawo tuwo, ta riƙe hannuna muka yi addu'a, ta zauna tana turo mini nama. Kuma tana turowa tana ci. Na ga loma tana bin loma. Ni da gwauruwar muka dubi juna, ba wadda ta yi motsi, har Inna ta suɗe kwano. Sannan ta tambaye ni daga ina, na ce Damagaram, ta rangaɗa guɗa ta ce Allah ya aiko mata baiwa.

Ran Lahadi bayan sujada na tsayar da matan zumunta na ba su labari. Nan take muka raba ranaku. Kowace mace ranar da ta faɗo kanta sai ta ɗauki jaka, ko da tsumma ne a ciki, ta yi sallama ƙofar Inna da azahar. A ba ta ruwa, a ba ta tuwo, su ci tare, ta bar aya. Maza ma suka shigo ciki, mijina har da ɗaura rawani wai don ya yi kama da matafiyi, na ce cire, kada ta ɗauka ɓarawon zabi ne. Sunayenmu duk sun zube daga kanta, amma ayoyin nan suna nan, kana fara ɗaya za ta karɓe ta ƙarasa.

Wani dattijo ya tada magana cewa wannan ai ƙarya ce, kuma ƙarya ba ta kamaci masu bi ba. Na ce, “Baba, wa ya yi ƙarya? Ta tambaye ni daga ina na ce Damagaram, can aka yanke cibiyata. Wannan daga Tawa take, wancan daga Gaya. Rabin ikilisiyar nan aiki ne ya kawo mu.” Ya ce to waɗanda aka haifa a Dutsi fa? Wata tsohuwa daga baya ta ce ita in an tambaye ta cewa take daga bayan tafki, kuma Allah ya sani daga can take. Aka kwashe da dariya, fasto ya ce a ci gaba. Inna ta fara mayar da jiki, har kumatu suka fito.

Ana nan sai labarin ya kai Yamai, kuma ya kai a karkace. Aka gaya wa ɗanta cewa uwarsa ta ruɗe, mutane sun mai da ita abin wasa, suna shiga da jakar tsumma suna cinye mata abinci. Ya bugo wa fasto waya ransa a ɓace, ya ce yana tafe ranar Asabar, a haɗa mata kaya. Labarin da ya same ni a bakin wanki ke nan.

Ran Asabar tun da hantsi na je na tsaya ƙofar gidan. Mijina ya ce in kama bakina, na ce na ji, amma ban yi alkawari ba. Wajen azahar mota ta tsaya, ya fito, dogo, furfura ta fara cin kansa, da 'yar jakar tafiya a hannu. Muka gaisa sama-sama.

“Madam,” ya ce, “na gode da wahala. Amma uwata ba 'yar tiyatir ba ce da za a riƙa yi mata wasan kwaikwayo. Na gyara mata ɗaki, ga likita kusa, ga mai aiki, ga gardi a bakin ƙofa. Ba abin da za ta nema ta rasa.”

Na ce, “Gardi? Wanda aikinsa korar baƙi? Yallaɓai, in ka kai ta bayan ƙofar ƙarfe, wa zai yi mata sallama? Ba za ta ci ba. Mun gani da idonmu.”

Ya dube ni, ya yi magana a hankali, kuma maganar ta shige ni. “Ke kin zo kin ga ɗakin baƙi, Madam. Ni a zauren nan na girma. Duk ranar da babur ko jaki ya tsaya ƙofar nan, na san gadona ya tafi. In an yanka zabo, kai da ƙafa ne nawa. Baƙi sun ci rabonsu na uwata, sun ci nawa. Yanzu da ta tsufa, ku bar ni in same ta ko na ɗan lokaci ne.”

Na matsa gefe ya shiga, na bi bayansa.

Inna tana ƙarƙashin dogon yaro. Ya yi sallama, ya fara sunkuyawa zai durƙusa nesa da ita yadda ya saba. Ta ɗago. Ta dubi jakar hannunsa, sannan ta dube shi tsakiyar ido, ba ta kau da kai ba.

“Maraba, maraba da baƙo! Sannu da hanya. Kai, wanga baƙo ya sha rana. Taho nan inuwa.”

Ta miƙe da kyar ta kama hannunsa, ta zaunar da shi kan tabarmarta, gwiwarsa tana taɓa tata. Ta ba shi ruwa ta tsaya a kansa sai da ya sha. Ta ce a kama zabo, babba, ba wancan ramammen ba. Duk tsawon lokacin da ake girki tana yi masa fifita tana tambayarsa hanya, ko gudoro ya gyaru, ko an yi ruwa wajen Doso. Shi dai “i” da “a'a” kawai yake iyawa. Da abinci ya sauka ta riƙe hannunsa ta yi addu'a, ta zaro cinya guda ta ajiye gabansa, ta zaro ta biyu ta ƙara masa.

Da suka gama ta ce, “To, daga ina anka hito?”

Ya ce, “Daga Yamai, Inna.”

“Yamai! Ɗana na can.” Sai ta faɗi sunansa. Ainihin sunansa, gaba ɗaya, da ƙarfi, har ta maimaita. Tunda nake da ita ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, kuma daga yadda ya runtse ido na san shi ma bai taɓa ji ba. “Ka san shi? Dogo ne kamar kai.”

“Na san shi, Inna.”

Shi ke nan, ta sami abokin hira. Ta ce ai dole a san shi, duk Yamai wa ya kai shi ƙwaƙwalwa? Ta ba shi labarin yadda ta goyo shi daga ƙauyensu har Gesheme bai yi kuka ba. Ta ce ranar da ya ci jarrabawa ta shiga bayan rumbu ta yi rawa ita kaɗai don kada a gani. Ta ce shinkafar nan da ya ci yanzu, shi ya aiko. “Yaro ne mai haƙuri,” in ji ta. “Tun shina ƙarami nike tada shi daga gado saboda baƙi, shi ɗauki tabarmarshi shi tahi zaure, bai taɓa ce min don mi ba. Mutane na cewa Inna mai baƙi, Inna mai baƙi. Ni tuwo kawai nike tuƙawa. Gadon nashi ne.”

Babban mutum, da furfurarsa, hawaye suna sauka cikin kwanon da ke gabansa, bai ko share ba. Inna ta ce yaji ne, ta yi wa gwauruwar faɗa. Ni na juya na shiga bukka na yi nawa kukan. Ina ciki na ji ta nemi tsaraba, na ji ya fara wata aya ta karɓe, ya fara wata ta karɓe, har da ta maginin nan ɗan Togo. Ashe duk yana jin su daga zaure tun yana yaro. Ranar a ɗakin baƙi ya kwana, kan gadon ƙarfe.

Da safe na dawo, ban san abin da ya yanke ba. Na tarar ba a ɗaure ko ƙulli ɗaya ba. Yana zaune bakin zaure da jakarsa, idanunsa sun yi ja. Ya gaishe ni da kyau wannan karon, sannan ya ce, “Madam, cikin ranakun nan da kuka raba, akwai wadda ba kowa?” Na ce ko babu za a samar. Ya ce a ba shi Asabar ta ƙarshen kowane wata. Na ce an ba shi, amma ya riƙa zuwa da jaka.

Inna ta fito rakiya, don ba ta taɓa barin baƙo ya fita shi kaɗai ba. Tana dogara sanda, hannu ɗaya a kafaɗarsa, har bakin mota. Ta sa aka kawo ƙullin wake da busasshiyar kuɓewa ta ce guzuri ne. Ya buɗe ƙofa zai shiga, sai ta riƙe masa riga, ta waiga ko akwai mai ji, ta rage murya.

“In ba ka saƙo, ka kai?”

“Zan kai, Inna.”

“In ka ga ɗana, ka ce mai ba don ban son shi ba ne nike kau da kai. Kunya ce, haka munka tarar. Ka ce duk cikin ɗiyana shi ne sanyin idona. Ka ce shi yahe min gadonshi.”

Ya durƙusa nan cikin rairayi, ya kama hannunta da hannu biyu ya ɗora a goshinsa.

“Saƙo ya isa, Inna. Ya yafe.”

Ta dube shi, ta dube ni, ta yi 'yar dariya tana girgiza kai.

“Ji min baƙo da gaggawa,” ta ce. “Ko mota ba ka shiga ba tukuna. Tashi ka tahi, kada rana ta yi maka.”